Alhajin Labarinki Ba Marowaci Ba Ne

Gwadangaji, Birnin Kebbi.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta ishe ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki Zariya lami lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya, Ya haɗa ki da abokan zama na kirki da malamai masu tausayi. Na ce wa mahaifiyarki ta sa miki ita a ƙasan akwati don kada ki karanta sai kin yi nisa. Ba wani abu ba ne, bakina ne bai saba da irin wannan magana ba. In na buɗe shi a gabanki, umarni zai fito.

Ba zan ba ki labarin gida ba, yanzu kika baro shi. Maganar rantsuwar nan ce.

Ke daga ɗaki kika ji abin, bari in faɗa miki yadda ya zo mini. Dogo, wanda ke tsaya mini a injin casa, shi ya same ni da waya a hannu yana wani murmushi. Ya ce matan unguwa sun dukufa kan wani labari da ake sakowa shafi-shafi, na wani Alhaji Wadata mai injin shinkafa, wanda ke karkata hula hagu, yana gyaran murya kafin ya yi magana. Ya ce matarsa ta tabbatar masa ɗiyata ce ke rubutawa. Na karɓi wayar na karanta abin da na karanta a tsaye, na shigo gida na rantse da Allah cewa muddin ina numfashi ba za ki ƙara rubuta labari ba. Kika durƙusa kika ce, "To, Baba." Daga ranar labarin ya tsaya a tsakiya. Mahaifiyarki ta ce kin gaya mata cewa a jami'a za ki karanta littattafan wasu, ki ci jarrabawa a kansu, amma ke da ƙirƙirar labari kun rabu, don ba za ki zama sanadin faɗuwar rantsuwar ubanki ba.

Da zuciya ta sauka, na sa aka turo mini shi duka. Na tafi gonar Zauro na zauna a rumfar masu ban ruwa na karanta daga farko har inda kika tsaya. Ni ba malamin adabi ba ne. Da ƙyar na gama sakandare, duk abin da kika ga na mallaka kuma da hannuna da ikon Allah na same shi, ba wanda ya bar mini ko garma. Amma kan wannan mutum guda, Alhaji Wadata, ba malamin da za ki samu can da ya fi ni saninsa.

Kin iya, wannan kam. Hirar matan da ke kawo shanshera injin a casa musu ta zama shinkafar ci, yadda suke tsokanar mai awo, sai da na yi dariya ni kaɗai har masu aiki suka waiwayo. Inda kika kuskure shi ne Alhajin kansa. Kin sa shi marowaci, mai tsawa, mai ƙirga tsokar nama a tukunya, mai ƙwace gonar marayu. Kin ɗauki hulata da gyaran muryata kin sa wa dodo. Da farko na zaci abin da ya ɓata mini rai shi ne kin rubuta ni. Daga baya na gane haushina shi ne ba ki rubuta ni daidai ba.

Muna makaranta na so littattafan labari ƙwarai, har a bakin gulbi nake karanta su. Kusan kowanne akwai mai ƙishin mulki a ciki, ko mai son ya san abin da ba a ba shi izinin sani ba. Kullum mugu ne tun daga shafin farko, ƙarshensa kuma hauka, ko makanta, ko mummunar mutuwa. Sai in rufe littafin in ce alhamdu lillahi, ni ban kashe kowa ba. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa yi mini gargaɗi, don sun yi mugun ya yi girman da ba mai ganin kansa a ciki. Kuskurena ke nan na farko: na ɗauka cutar ta wasu ce. In za ki rubuta mai son iko, ki yi shi daidai tsayin mutanen da ke karantawa, yadda mai karatu zai ji gabansa ya ɗan faɗi.

Kuma ki nemo inda ƙishin ya fara. Alhajinki kamar daga sama ya faɗo da tumbinsa. Ni nawa ya fara ne a kan benci. Kin san gidanmu na Argungu gidan masunta ne. Kafin in tafi aji sai na taya kakanki fid da kifi daga koma, na taya kakarki jera shi a kan banda. Ko na yi wanka da sabulu ƙarnin ba ya fita. In na zauna, 'ya'yan ma'aikata sai su matsa, ba su cewa komai, matsawa kawai. Ina zaune da fili hagu da dama, na ƙudurta a raina cewa wata rana za a matsa mini, amma don girma. Ba na faɗa miki haka don ki tausaya mini ko ki wanke Alhajinki. Yara da yawa sun zauna a bencin nan da ƙarnin kifi, sun girma ba su damu da wa ya matsa ba. Amma marubuci ya kamata ya san bencin mutuminsa, ko da ba zai sa shi a labarin ba.

Yanzu ga babbar maganar. Kin sa Alhaji Wadata yana hanawa. Uwata, mai son iko na gaske ba ya hanawa. Bayarwa yake yi.

Lokacin da na zo Gwadangaji ina haya a ɗaki guda, ina sayen shanshera kaɗan-kaɗan a ƙauyuka, magidantan layinmu ciyayya suke yi a ƙofar gidan Nomau. Kin san shi, tsohon nan mai noman albasa da kuke gaisarwa a kan kwana. Bayan magariba a shimfiɗa tabarma, kowa ya zo da kwanon gidansa. A buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Wannan tuwon gero da miyar kuka, wancan tuwon shinkafa, wani dambu, wani fura ce kawai. Ba a yabon kwano, ba a kushe shi. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ran nan zai zo ya zauna ya sa hannu, ba mai tambayarsa. A tabarmar nan kowa na iya gaya wa kowa gaskiya. Mai Homa suke kirana, da sunan ragar masunta, don sun san daga inda na fito. In na cika baki kan wani ciniki, Nomau zai lashe yatsa ya ce, "Mai Homa, rage kaɗan, mu ma mun san kasuwar." A yi dariya, ni ma in yi.

Da Allah Ya buɗa mini na kafa inji, sai na fara sa a fitar da shinkafa da kaji a faranti. Na gaya wa kaina ƙauna ce, kuma akwai ƙaunar a ciki, ba zan yi wa kaina ƙazafi ba. Mahaifiyarki ce ta fara hangowa. Ta ce in bari ta riƙa fitar da irin abin da maƙwabta ke fitarwa, kajin a ci a cikin gida ko a aika wa mutane a rufe. Na ce mata ni'imar Allah zan ɓoye? Ki lura da wannan ma: mai son iko ba ya rasa kyakkyawar hujja, sau da yawa ma ta addini ce.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Aka fara buɗe farantina da farko. In an gama da shi ba mai sauran ciki, sai kwanonin mutane su koma gida ba a taɓa ba, matansu su tambaya ko tuwon ne bai yi ba. Mutum ya gaji da mai da kwano cike, sai ya daina kawowa. Da damina ta sauka na ce ƙofar Nomau taɓo ta yi yawa, ga shi na yi daɓen siminti da rumfar kwano a ƙofata, har da fitila. Aka dawo wurina. Ba wanda na tilasta. Na fito da kujera don bayana na ciwo, su suna tabarma.

Nomau ya biyo mu na ɗan lokaci da kwanonsa, yana ajewa a gefe, yana komawa da shi a rufe. Ran nan bayan an wanke hannu ya dube ni ya ce, "Mai Homa, wagga ba ciyayya ta ba. Sadaka ta."

Na ce, "Sadaka laifi ce?"

Ya ce, "Ko kaɗan, Allah Shi ba da lada. Amma ni ina son wurin da zan ci tuwo in yi gardama. Nan kam na duba, ba mai iya ce maka a'a da naman kazarka cikin baki nai."

Ya ɗauki kwanonsa ya tafi. Mutanen rumfa suka ce hassada ce, na yarda da su don ya fi mini daɗi. Shi ne mutum na ƙarshe da ya kira ni Mai Homa. Daga nan sai Alhaji, sai ranka ya daɗe. Da aka tashi zaɓen shugaban manoman fadamarmu ban roƙi kowa ba, ba wanda ya tsaya tare da ni. Wa zai ɗaga hannu a kan mutumin da ya ci a ƙofarsa jiya? In kin tambaye ni ko na shirya haka tun kazar farko, zan ce a'a, kuma ba ƙarya na yi ba. Kaina bai shirya ba. Amma akwai wani abu a cikina da ya san hanyar, bai taɓa ɓata ba.

Wannan shi ne mutumin da ya kamata ki rubuta. Wanda kowa ke yi wa addu'a, wanda ba za a iya kai ƙararsa ko'ina ba don bai yi laifin da ke da suna ba. Ya rushe tabarma guda da alheri. Ke ma ki kiyaye a zaman da za ki yi. Na san kayan abincin da aka loda miki sun fi na yawancin waɗanda za ki zauna da su. In kun haɗa tukunya, ki ci nasu kamar yadda suke cin naki. In wata ta miƙo miki garin kwaki, ki sha ki gode, kada ki ce bari in ɗauko madara. Ki bari a yi miki alheri, yana da wuya fiye da yadda kike zato.

Sai maganar sani. Mutane na ɗauka son mulki daban, son sani daban, na biyun ma abin yabo ne. A wurina tare suka tashi. Ina son in san abu kafin kowa: wa zai sayar da gonarsa, injin ban ruwan wa ya mutu, ɗan wa aka koro daga makaranta. Dogo ke kawo mini, ni kuma ina kiran abin kula da jama'a. Sai in isa da taimako kafin a roƙe ni. Mutum ya yi godiya, amma a idonsa ina ganin yana tambayar kansa yadda aka yi na sani, kuma wannan kallon ya fi mini godiyar daɗi. Kin ga inda ya kai ni. Mutane suka koyi rufe baki in Dogo ya doso. Ni da nake taƙamar ba abin da ke motsi a unguwa ban sani ba, ɗiyata ta yi wata da watanni tana rubutu a cikin gidana, kowace mace a layin nan na karantawa, ni ne na ƙarshen ji.

Ban kawo wannan don kaina kaɗai ba. Akwai yarinya a labarinki, Balkisu, mai karatu, wadda ke gane duk makircin ubanta Alhaji. Ba ta kuskure, ba ta son komai don kanta. Ban yarda da ita ba. Na fi yarda da dodon ma a kanta. Ki tuna zuwanmu Argungu gaisuwar salla, da kika zauna da Goggonki Mairo kina tambayarta labarin 'ya'yanta da suka rasu suna ƙanana. Ina daga zaure ina hango ku. Tana share hawaye, kina riƙe da hannunta, na san kuma tausayinki na gaske ne. Amma idonki na ƙyalli, kina jawo ta da tambaya bayan tambaya. Na san wannan fuskar, ita nake yi in Dogo na magana. Da nake karatu a Zauro sai ga maganganun Mairo a bakin uwar Balkisu, har da yadda take cewa ta daina saƙa hular jarirai. Kin tambaye ta kafin ki sa?

Ba cewa nake ki daina sauraron mutane ba, sana'ar ba ta yiwuwa sai da haka, kamar yadda tawa ba ta yiwuwa sai da sanin farashi. Amma ƙishin nan gado ne, daga wurina kika ɗauko shi, naki ya bi ta littafi. Za ki je inda ake yaba shi, a ba ki maki a kansa. Za ki dawo hutu kin san abubuwan da ni da mahaifiyarki ba mu sani ba, za ki ji daɗin hakan, daɗin kuma irin na kujerata ne a rumfa. Ki san da shi kawai. Abin da mutum ya gaya miki yana kuka, ki nemi izininsa. Balkisu kuma ki ba ta nata ƙishin. Ki bari ta so ta fi ubanta, ta ji kunyar hakan, ta kuma ci gaba da so. Ran nan za ta zama mutum.

Mahaifiyarki ta ce kin shirya gobara ta cinye injin Alhaji a ƙarshe, ya bi titi yana surutai. Allah Ya tsare mu da gobara, ni da shi duka. Amma ba haka abin ke ƙarewa ba, bari in gaya miki yadda yake. Kwanaki ina zaune a rumfa, an ci an ƙoshi, sai na ga bari in gwada wani abu. Na ce ina yaro na taɓa kama giwan ruwa da hannu, ba homa ba gora, wanda sai da aka ɗauko amalanke. A cikin masu zaman akwai waɗanda suka girma a bakin gulbi, sun san ƙarya ce tsagwaronta. Na jira. Wani ya ce ikon Allah, wani ya ce ai Alhaji tun yana yaro daban yake. Dogo ya ce ya taɓa jin labarin a Argungu. Na tashi na shiga gida, ban ko gama shayina ba.

Ƙarshen ke nan. Alhajinki lafiyarsa ƙalau, injinsa na aiki, rumfarsa cike, ba mai ce masa rage kaɗan. Nomau na nan yana cin tuwonsa a ƙofarsa da mutum biyu ko uku, in na wuce a mota ina jin suna musu kan farashin taki kamar za su daki juna. Muna gaisawa, ya ce Alhaji, in ce Malam Nomau. Ban koma ba. Na sha cewa gobe. In kin sa Alhajinki ya tuba a shafin ƙarshe ya je ya durƙusa, mata za su ji daɗi, amma ni zan san kin yi masa kara.

Saura rantsuwa. Na yi ta ne don an taɓa ni a inda ban saba a taɓa ni ba, kuma don na san za ki ce to. Shekaru ke nan ba wanda ya gaya mini abin da ba na so, sai ga shi ya fito daga ɗakin ɗiyata, ko da a karkace. Maimakon in gode, sai na rufe bakin.

Na je wurin liman na warware masa komai. Ya ce wanda ya rantse kan abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya bari ya yi kaffara. Na ce to zan yi azumi. Ya yi dariya ya ce azumi na wanda ba shi da hali ne, irina ciyarwa aka ɗora masa. Na ce, "Malam, ai ita ce cutar tawa." Ya ce in haka ne in kawo hatsin wurinsa, shi zai raba, ba wanda zai san inda ya fito. Haka aka yi. Washegari na bi ta ƙofar masallaci a ƙasa, a hankali, ba wanda ya tare ni da godiya. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu abin na yi mini ƙaiƙayi.

Saboda haka rantsuwa ta sauka, ba ta kanki, ba ta kaina. Ki rubuta. Na so in sa miki sharuɗɗa, har na jero su a nan na ga ba su da bambanci da rantsuwar, shi ya sa kika ga wurin nan a soke. Abin da na faɗa kan Alhaji Wadata shawara ce ta wanda ya san shi. In kin auna kin ga ban yi daidai ba, ki bar shi da rowarsa da gobararsa. Labarinki ne, ba sai kin tambaye ni ba.

Allah Ya yi miki albarka, Uwata. Ya tsare ki a ɗaki da aji da hanya, Ya kare ki daga zazzaɓi da mugun abokin zama, Ya ba ki ilimi mai amfani da zuciyar da za ta iya ɗaukarsa. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran mahaifiyarki. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah Ya maido mana ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki.